Ni da Baba a Gidan Rediyo

Abubuwa da yawa sun wuce ni a rayuwa, wasu ma sai an tuna mini nake tunawa. Amma yammacin da na zauna na yi muhawara da mahaifina a gidan rediyo, mutanen Jos suna saurare, ba na jin zai bar zuciyata har ranar da zan koma ga Mahaliccina.

A Anguwan Rogo aka haife ni, kuma ni ce 'yar fari a gidanmu. Wanda ya san al'adarmu ya san abin da hakan ke nufi. Baba bai taɓa kiran sunana ba. In yana nemana sai ya ce da Inna, "Ina yarinyar nan?" In muka haɗu a zaure na durƙusa na gaishe shi, sai ya amsa yana kallon wani wuri. Ƙannena su hau jikinsa, su cire masa hula, su ci abinci a kwanonsa, ni kuwa daga nesa na san shi. Kunya ce irin ta mutanen da, ba ƙiyayya ba, amma a lokacin ban gane ba. Na girma ina zaton bai damu da ni ba.

Baba mai sayar da yadi ne. Haƙar kuza ce ta kawo kakanmu Jos, a nan aka haifi Baba, a nan ya yi aure. Da babbar kasuwa ta ƙone, shagonsa na ciki, sai ya dawo ya buɗe ƙarami a jikin gidanmu. Amma ba yadi ne ya sa aka san shi ba, sharhin siyasa ne. Bai taɓa yankar katin wata jam'iyya ba, bai taɓa bin ayarin ɗan takara ba, amma da an idar da la'asar za ka ga benci biyu sun cika a ƙofar shagon. Teloli, direbobi, wani tsohon malamin firamare daga unguwar Congo-Russia da ke zuwa da jaridarsa a hammata, duk su zauna, rediyo na gefe, Baba yana warware musu abin da ke faruwa daga gidan gwamnatin jiha har Abuja. In shirin da ake buga waya ya zo, shi ma ya buga. Masu saurare sun san muryarsa da laƙabin da suke kiran sa da shi, ba da sunansa na yanka ba.

Ra'ayinsa na 'yan mazan jiya ne, kuma ba ya ɓoyewa. Ba ya son gaggawa a harkar mulki. Yakan ce duk gwamnan da ya zo sai ya yi watsi da aikin wanda ya gada ya fara nasa, shi ya sa jihar ta cika da gine-ginen da ciyawa ta rufe. Ya tsani mai sauya jam'iyya kamar riga. Yana ganin an yi kuskure da aka karya darajar sarakuna da masu unguwanni, domin a da, in ji shi, kafin rigima ta kai ga 'yan sanda mai unguwa ya kashe ta. Yana jin haushin yadda Abuja ke riƙe da komai, har gyaran kwalbati sai an jira ta. Sama da duka, ba ya son a tara matasa a kan titi, ko don wane dalili ne.

Ni kuwa ina bayan ƙofar zaure, ina tsince shinkafa ko ina wanke-wanke, kunnena na waje. A nan na koyi siyasa. Sai dai na koye ta ne ta hanyar musu da shi a zuci. Duk abin da ya faɗa sai in shirya amsarsa, in faɗa wa kwanukan da nake wankewa.

Da na shiga jami'a, laccocinmu suka koma harabar da ke Naraguta, sai na sami inda zan fitar da abin da na daɗe ina tarawa. Na shiga wata ƙungiyar ɗalibai masu son sauyi. A shekarar, gwamnati ta daɗe ba ta yi zaɓen ƙananan hukumomi ba, kantomomi kawai ake naɗawa, wa'adinsu ya ƙare a ƙara musu. Muka yanke shawarar yin tattaki zuwa majalisar dokokin jiha don neman a yi zaɓe. Muka sa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, don a sami jama'a, kuma za mu ratsa ta tsakiyar gari. Ban gaya wa kowa a gida ba.

Ana saura 'yan kwanaki, wani gidan rediyo ya gayyaci ƙungiyarmu a shirinsa na yamma, a zo a kare wannan shawara a gaban wani dattijo da ke adawa da ita. Shugabanmu ne zai je. Da rana tsaka aka kira shi gida, mahaifiyarsa ba lafiya. Muna zaune a ƙarƙashin wata bishiya, hadari ya haɗo ta wajen duwatsu, sai kowa ya juyo yana kallona.

"Ke za ki je," in ji ɗaya daga cikinsu. "Hausarki ta fi tamu, kuma bakinki ba ya mutuwa."

Na hau keke mai ƙafa uku daga Naraguta ruwa na yayyafi, kafin mu isa ya kece har da ƙanƙara, irin ruwan Jos da ke sa mutum ya manta da cewa akwai rana. Na isa gefen hijabina a jiƙe, takalmina duk jar laka. Mai gabatar da shirin ya tare ni a baranda. Mutumin Filato ne, mai fara'a, Hausarsa irin ta cikin gari.

"Ƙanwata, yi sauri, lokaci ya kusa. Dattijon yana ciki tun ɗazu. Kar ki ji tsoron shi fa, yana da zafi amma ba ya cizo."

Ya tura ƙofa mai nauyi. Ɗaki ne ƙarami mai sanyi, teburi a tsakiya, makirufo uku. A kujerar da ke fuskantar ƙofa, wani mutum na zaune da farar babbar riga da rawaya-rawayar hular da na wanke da hannuna ranar Lahadi.

Baba ne.

Daga baya na ji cewa ranar ce karo na farko da suka gayyace shi cikin situdiyo, bayan shekaru yana buga musu waya. Ya ce da Inna zai shiga gari, bai ƙara komai ba, haka yake. Su kuma mutanen rediyon ba su da hanyar sani, domin da sunan kakana aka yi mini rajista tun firamare, shi kuma da laƙabi suka san shi.

Na durƙusa a bakin ƙofa na ce, "Ina wuni, Baba." Ya dube ni, ya dubi takalmina, ya ce, "Lafiya lau." Mai gabatarwa bai lura da komai ba, ai kowane dattijo Baba ne. Har yaba mini ya yi, wai ɗaliban yanzu ba su cika durƙusawa ba. Na so in ce masa a fasa, amma kafin in haɗa kalmomin jar fitila ta kama, ya fara sallama ga masu saurare.

Baba aka fara ba dama. Ya yi magana a natse, kamar yana ƙofar shagonsa. Ya ce shi ma ba ya goyon bayan naɗa kantomomi, ya sha faɗa a wannan tasha cewa wanda ba jama'a suka zaɓa ba, ba jama'a yake tsoro ba. "Amma tattaki a garin nan," in ji shi, "ni na ga farkonsa na ga ƙarshensa ba sau ɗaya ba. Ana fita da magana ɗaya, kafin a kai mahadar titi ta biyu ta zama wata. Waɗanda suka shirya su koma makaranta, mai tura baro da mai sayar da tumatir su ne ba sa komawa gida. Akwai majalisa, akwai kotu, akwai dattawan kowane ɓangare. A bi ta nan. Hanyar tana da tsawo, amma ba a ɗaukar gawa a kanta."

Sai mai gabatarwa ya juyo gare ni. Duk abin da na shirya a cikin keke ya gudu. Na ce, "To... gaskiya abin da Baba ya faɗa haka ne." Na yi shiru. A rediyo shiru na ɗan lokaci kamar shekara yake. Mai gabatarwa yana yi mini alama da hannu in ci gaba, ni kuwa idona na kan teburi. Ta yaya zan buɗe baki in ce wa mutumin nan bai yi daidai ba, ni da ban taɓa haɗa ido da shi ba?

Baba ya matso da bakinsa kusa da makirufo ya ce, "Malama, ba don ki yarda da ni aka kira ki ba. Waɗanda suka turo ki suna saurare. Faɗi abin da ya kawo ki."

Malama. Ban san dalili ba, kalmar nan ce ta kwance mini harshe. Kamar ya ce mini a nan ɗakin ba 'yarsa ba ce ni, abokiyar muhawara ce, kuma ya yarda.

Na fara a hankali, sannan muryata ta daidaita. Na ce hanyar da Baba ke nufi an bi ta. An rubuta wa majalisa, an je wurin dattawa, kowa ya ce a yi haƙuri. Na ce a unguwarmu akwai magudanar ruwa da ta toshe tun ina sakandare, duk damina sai ta shiga gidajen mutane, kuma babu kansilan da za a je a tsaya a ƙofar gidansa domin babu wanda muka zaɓa. Na ce, "Baba, in tsoron rigima ya sa muka daina neman haƙƙinmu, to masu mulki sun gano inda za su riƙa kama mu. Duk ranar da muka motsa sai su ce a tuna da zaman lafiya. Zaman lafiyar da ba a iya magana a cikinsa, na wane ne?"

Ya ce, "Na wanda ya taɓa rasa shi ne. Ke ba ki kwashe tokar shagonki da hannunki ba."

Na ce, "Ban kwashe ba, amma na ga wanda ya kwashe, na kuma ga shekarun da ya yi yana jiran alkawarin da aka yi masa na sabon shago. Haƙurinsa bai sa an cika ba."

Da na faɗi haka sai na ga na shiga inda bai kamata ba. Baba ya ce, "Wannan gaskiya ne. Ba a cika ba." Ya ci gaba da nasa bayanin, bai sassauta ko kaɗan ba. Ya tambaye ni wa zai tsare mana ƙarshen ayari in 'yan daba suka shigo. Ya tambaye ni me ya sa Juma'a, a garin da kowa ya san yadda ake kallon taron da ya fito daga masallaci ko daga coci. Wannan tambayar kewaye ta kawai na yi, shi ma ya san na kewaye.

Aka buɗe layin waya. Wasu suka goyi bayansa, wasu ni. Wata mata daga Congo-Russia ta ce ita dai a bar su su sayar da kayansu lafiya. Sai wani mutum ya bugo, muryarsa a sama tun daga sallama. Ya ce shi ba kantomomi ne suka dame shi ba. Abin da ya dame shi, yarinya mace ta zauna tana mayar wa dattijo magana a bainar jama'a. "Wannan ita ce bokon da muke gudu. Ba tarbiyya. Ni ina tambaya, wa ya haifi yarinyar nan? Ina ubanta yake ya bar ta tana wannan rashin kunya?"

Mai gabatarwa ya kai hannu zai katse layin. Baba ya ɗaga masa yatsa.

"Bawan Allah, kana ji na?" in ji Baba. "Ni na haife ta. 'Yata ce, ta fari. Ni na kai ta makaranta, da kuɗin yadi, don ta iya abin da ka ji tana yi yanzu. Tun da muka zauna ba ta zage ni ba, ba ta ɗaga mini murya ba, hujja ta kawo. Ban yarda da ita ba, kuma in an gama shirin nan ma ba zan yarda da ita ba. Amma tarbiyyarta, wannan ka bar mini, na san abin da na shuka."

Mai gabatarwa ya saki baki yana kallonmu, ya dubi Baba ya dube ni. Da ƙyar ya ce, "Masu saurare, wallahi ni ma yanzu nake ji." Ya sa kiɗan talla. Ni kuwa na sunkuyar da kai, hawaye na zuba a kan hijabin da bai gama bushewa ba. Tun da aka haife ni ban taɓa jin ya ce "'yata" ba, sai ranar, kuma a gaban duk wanda ya kunna rediyo.

Inna ta ba ni labarin yadda aka yi a gida. Tana tuƙa tuwo ta ji muryar Baba, ta ce to, ashe nan ya tafi. Da ta ji tawa sai muciyar ta tsaya a hannunta. Kafin a jima matan maƙwabta sun cika tsakar gidan, kowa na cewa a ƙara murya. A ƙofar shago kuma, 'yan benci sun kasu biyu, tsohon malamin nan na Congo-Russia yana ta dariya yana cewa yau Alhaji ya gamu da daidai shi. Tuwon ranar dai da ƙauri muka ci shi.

Da muka fito ruwa ya ɗauke, gari ya yi wasai, sanyi na ratsa ƙashi. Baba ya tare keke ya shiga, ya matsa gefe. Na tsaya ina jiran wani. Ya ce, "Shigo mana." Na shiga muka taho. Ni ina ta jiran hukunci, na tabbata zai ce kada in sake in fita ranar tattakin, kuma na san in ya faɗa ba zan fita ba. Sai da muka kusa kwanar unguwarmu ya yi magana, idonsa na kan titi.

"Ba zan hana ki ba. Amma ki gaya wa 'yan'uwanki su sauya ranar. Kada ta zama Juma'a, kada ta zama Lahadi. Kada ku bi ta kasuwa. Kuma in za ku jera, a ga 'yan kowane ɓangare a sahun gaba."

Na ce, "To, Baba."

"Maganar magudanar ruwan nan kuma," ya ƙara, "kin faɗe ta daidai."

Na kai saƙon. An yi ta cacar baki a ƙungiya, wasu suka ce tsoho ya saye ni da kalma ɗaya. A ƙarshe aka mayar da tattakin ranar Talata da safe, ta hanyar da ba ta ratsa kasuwa ba. Jama'a ba su kai yadda muka so ba. Wani jami'i ya fito ya saurare mu, ya yi alkawari, muka watse lafiya, ba wanda ko ƙwarzane ya samu. Zaɓen kuwa ba a yi shi ba sai bayan na gama jami'a. Har yau ban san ko tattakinmu ya ƙara wani abu ba. A makon da ya biyo baya Baba ya buga waya a shirin nan ya ce ra'ayinsa na nan, fita titi ba hanya ba ce, Allah ne kawai ya kiyaye. Ina tsakar gida ina jin sa, na yi dariya ni kaɗai.

Abin da ya sauya a gida ne. Bayan ranar, in ya dawo daga masallaci da safe yakan tsaya a bakin ɗakin Inna ya ce, kamar da iska yake magana, "An ji abin da majalisar tarayya ta yi jiya?" Ni kuma in amsa daga ciki. Haka muka riƙa yi shekara da shekaru, shi a waje ni a ciki, muna saɓawa a kan kusan komai, daga cire tallafin mai har zuwa batun 'yan sandan jiha. Bayan na yi aure ma, in na zo gida, kafin in ajiye jaka ya jefo mini tambaya.

Yau Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa. Shagon ya zama wurin cajin waya, benci biyun nan ban san inda suka shiga ba. Siyasar ta koma cikin wayoyi, inda yaro zai zagi sa'an kakansa bai taɓa ganin fuskarsa ba, kuma duk wanda ya saɓa maka an saye shi ne. Ni kaina da shekaru suka ja, na ga ina faɗin wasu maganganunsa ga ɗalibaina a makarantar da nake koyarwa, musamman in na ga sun ɗauki zafi. Wasu kuma har gobe ina ganin ni ce da gaskiya, kuma da yana nan da na gaya masa.

Abin da na koya a wannan yammaci shi ne, mutum na iya riƙe ra'ayinsa da ƙarfi ba tare da ya tozarta wanda ya saɓa masa ba. Baba bai ba ni gaskiya don ni 'yarsa ce ba, bai kuma bari a ci mutuncina don na saɓa masa ba. Tun daga ranar, duk wanda zan yi musun siyasa da shi, nakan tuna cewa shi ma ɗan wani ne, kuma in an tashi daga muhawarar, gari ɗaya za mu koma mu kwana.